Casilda Mai Tsaron Layi

Duk wanda ya taɓa hawa allon iska, wato allo mai filafili da ake tsere da shi a kan teku, a ƙauyen El Yaque na tsibirin Margarita cikin shekaru talatin ɗin nan ya san muryar Casilda Narváez tun kafin ya san fuskarta. Murya ce mai kaushi, irin ta matan da suka tashi suna magana iska tana ƙwace musu rabin zance. Ita kanta ba ta taɓa tsayawa a kan allo ba ko sau ɗaya, ninƙaya ma ba ta iya ba sai ta ceton rai. Amma babu yaro ko yarinyar da suka fita daga ƙauyen nan zuwa tsere ba su bi ta hannunta ba.

'Yar masunci ce, masunci kuma ta aura. Eleuterio sunansa, kowa Tello yake ce masa, mutum mai shiru-shiru da kwale-kwalensa shuɗi mai inji. Lokacin da baƙi suka fara zuwa da allunansu da filafilai masu launi, suka gane cewa iskar la'asar a nan ba ta saɓa alkawari, Casilda tana da 'ya ɗaya, Zoraida, da kasko ɗaya da take soya empanada, wato fanken masara mai kifi a ciki, a bakin ruwa. Baƙin nan in za su koma gida sukan bar tsofaffin alluna, kafin a ce me 'ya'yan masunta sun fi masu kayan iya hawa. Da aka fara shirya tsere sai aka nemi jirgin da zai tsaya a bakin layin tashi, aka ɗauki na Tello.

Ranar farko mutumin da aka ba agogo da usur ya kasa jure kaɗawar ruwa, ya kifa kai a gefen jirgi yana amai. Tello ya komo gaɓa ya kira matarsa daga gindin kasko, ta shiga jirgi da maiƙo a hannu. Aka yi mata bayani a gurguje: ta danna agogo a nan, in minti uku sun cika ta busa usur, ta riƙa duba tsakanin sandar tutar jirgi da jar gorar alama da aka kafa a kan ruwa can nesa, duk wanda hancin allonsa ya ƙetare kafin ta busa ta kira lambar da ke jikin filafilinsa. Ta kira mutum huɗu a ranar. Ɗaya daga cikinsu, wani ƙaton Bajamushe, ya biyo ta har wurin suya yana faɗa da yarensu. Ta ce ita ba ta jin abin da yake cewa, amma lambarsa talatin da uku, kuma ya wuce. Bayan kwana biyu aka wanko hoton da wani ya ɗauka daga tudu, ga Bajamushen nan shi kaɗai a gaban layi. Tun daga ranar ba a sake ba wa wani usur ba. Ido ba mudu ba ne, in ji mutane, amma na Casilda ya san kima.

Daga cikin jirgin ne ta ga abin da na gaɓa ba sa gani. Yaran garinsu sun fi kowa gudu, amma a minti ukun farko ake cinye su. Wasu su yi riga malam masallaci a kore su. Wasu kuma tsoron kora ya sa su noƙe a baya, su shiga inuwar filafilan mutane inda iska ta riga ta lalace, kafin su farfaɗo na gaba sun kai gorar farko. Abin ya riƙa ci mata rai, har wata Asabar ta kashe wutar kasko ta tara su.

Da safe take fara koya musu, kafin iska ta tashi, a kan yashi. Ta ja layi da diddige tsakanin ɓawon kwakwa biyu, ta sa su ja da baya suna ƙirga daƙiƙa da baki, su juyo su taho, ƙafa ta taɓa layi daidai da busar usur. Yawancinsu ba su da agogo, sai ta sa ƙirgar ta zauna musu a ƙirji. Ta koya musu su je gindin jar gora tun kafin a ɗaga tuta, su hango sandar jirgi, su ga abin da ya yi daidai da ita a tudu, ko tankin ruwa ne ko itacen kwakwa, don in an cakuɗe a tsakiya mutum ya san inda layi yake ba sai ya tambayi maƙwabcinsa ba. Ta hana kowa zuwa a makare. Awa guda kafin tsere a ɗaura filafili, a ja kowace igiya da ƙarfi a ga ko za ta tsinke, a ɗaure kusar ƙarƙashin allo da bakin wuƙa, a ci arepa, wato wainar masara, a sha ruwa, a zaga. Da la'asar kuma ta fita da su cikin ruwa, su yi tashi ashirin ba tare da an yi tsere ko ɗaya ba. Da sun ƙetare layi ta busa su komo.

Bakinta kuwa ba ya hutawa. In yaro ya yi gaggawa sai ka ji ta daga gaɓa:

"Kai ɗan shaiɗan, rabon kifi ake yi a gaba da kake wannan sauri?"

In kuma yarinya ta tsaya nuƙu-nuƙu a baya:

"Ke kuma jira kike a aiko miki da katin gayyata? To zauna, ga shi nan tafe!"

Suna jin haushinta, suna kwaikwayon muryarta a bayan ido, amma shekara ba ta zagayo ba aka daina kiran lambobin El Yaque.

Dayimar jikarta ce, 'yar Zoraida. Ubanta ya bar tsibirin ya haye babban yankin ƙasar neman aikin mai tun tana goye bai sake waiwayowa ba, don haka a ƙarƙashin teburin suya ta yi rarrafe. Tana shekara bakwai ta hau allo, tana sha biyar babu mai kamo ta a tsibirin Margarita, mace ko namiji a sa'anninta. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya ganin hancin allon wani a gaban nata. Casilda ta fi tsananta mata a kan kowa. In sauran sun yi tashi ashirin sun fita, ita sai ta ƙara biyar. Kullum da safe yarinyar za ta leƙo kicin ta ce, "Albarka, maíta," wato kaka, kamar yadda kowane ɗa yake neman albarka wurin manya, ita kuma tsohuwar ta amsa ba tare da ta juyo ba, "Allah ya yi miki albarka, mija, 'yata, ya ƙara miki haƙurin daƙiƙa biyu." Sai yarinyar ta saci empanada mai zafi ta gudu tana jefa ta daga hannu zuwa hannu.

Shekarar da Dayimar ta cika sha shida aka kawo gasar zaɓe El Yaque. Yarinya ɗaya tak za a ɗauka ta wakilci ƙasa a gasar matasa a ƙetare, da tikitin jirgin sama da sababbin kaya. A lokacin abubuwa sun fara taɓarɓarewa. Baƙi sun ragu, ana bin layin sayen garin masara tun asuba, kowa ya san irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba. Casilda ta sami babban alƙalin gasar da aka turo daga Caracas ta gaya masa cewa jikarta tana ciki, gara a ba wani tsaron layi. Mutumin ya yi dariya ya ce duk inda ya tambaya sunanta aka ba shi, kuma an ce masa ko Budurwa Maryamu ce ta ƙetare sai ta kira lambarta. Ta so ta dage, sai ta ji daɗin yabon ta yi shiru. Wannan shirun ta fi tunawa daga baya.

Kwana biyu ana fafatawa. Zuwa tseren ƙarshe Dayimar da wata yarinya daga Puerto La Cruz sun yi kankankan, wadda ta riga wata ita ce mai tafiya. Iska ta yi ƙarfi a ranar, ruwan ya yi fari-fari har zuwa tsibirin Coche. Sau biyu ana tashi ana komo da su saboda rabin yaran sun ƙetare. A karo na uku alƙali ya ɗaga baƙar tuta, wato duk wadda ta wuce layi kafin busa an kore ta ke nan, babu komowa.

Casilda ta durƙusa a inda take durƙusawa, ta jingina kunci da sandar tuta, ta rufe idon dama. Saura daƙiƙa goma ta hango su sun taho a jere kamar garken farin tsuntsu. Ta ga filafili mai ruwan lemo a kusa da jirgi, ta san ko na wace ce. A zuciyarta ta ce, sassauta, mija, sassauta kaɗan. Saura uku. Saura biyu. Ta ga hancin allon ya leƙo gaban jar gora, bai fi tafin hannu ba. Ta busa usur, kafin numfashinta ya dawo bakinta ya riga ya ce, "Sha bakwai."

Alƙali yana fama da igiyar tuta, bai ga komai ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Tello ya dube ta sau ɗaya ya mai da kai kan inji.

Dayimar ba ta ji ba. Ta yi tserenta duka, ta ba wadda ta zo ta biyu tazarar da babu gardama, ta iso tana ɗaga hannu ɗaya sama, mutanen gari suna ihu a gaɓa. Sai da ta ja allonta kan yashi ta ga lambarta a jikin allon sanarwa. Ta tsaya tana kallo. Daga nan ta juya ta shiga ruwa da ƙafa, ruwan yana kai mata ƙugu, har ta isa jirgin Tello da ke shigowa. Ta kama gefensa.

"Maíta, ke kika kira?"

"Ni ce."

"Wani ya gani bayan ke?"

"Babu."

"Da kin yi shiru fa?"

Casilda ta ce, "Da kin tafi."

Yarinyar ba ta yi kuka a wurin ba. Ta saki jirgin ta koma, ta kwance filafilinta a hankali, ta naɗe shi yadda aka koya mata, ta ɗora a ka ta nufi gida.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce wannan ita ce mace, wasu suka ce wace irin kaka ce za ta yanka jikarta a kan tafin hannu. Zoraida ta faɗa mata maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uwa, ta ce gaskiyarta ta dafa ta ci tunda ta fi son ta a kan jininta. Casilda ta jira Tello ya ce wani abu, ko na goyon baya ko na zargi. Sai bayan kwana uku, suna gyaran koma a inuwa, ta tambaye shi kai tsaye ko ya gani. Ya ce shi inji yake kallo. Ba ta sake tambayarsa ba.

Dayimar ba ta daina neman albarka da safe ba, don wannan ba a dainawa, amma ƙasa take kallo, kuma ba ta ƙara taɓa kasko ba. Asabar ma ta daina zuwa. Casilda ta riƙa ce wa kanta baɗi ma rana ce, yarinya ce, za ta huce ta ci zaɓen gaba da tafin hannu goma. Baɗi ta zo ba a yi zaɓe ba, wadda ta biyo ma haka. Masaukan baƙi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta fito a wurin da ake jera alluna. Ɓarayi suka kwance injin Tello, kwale-kwalen ya koma kan yashi a kife. Matasa suka fara tafiya, yau a ce wane yana Colombia, gobe a ce wance ta kai Chile.

Da Zoraida ta yanke shawarar tafiya Peru, Dayimar tana sha takwas, ta ce za ta bi uwarta. Ta sayar da allonta ga wani mutumin Porlamar. Casilda da Tello suka raka su tashar jirgin ruwa a Punta de Piedras da rana tsaka. Tsohuwar ta shirya magana tun daga gida, ta yi ta juya ta a baki a cikin mota, amma da aka zo rabuwa sai ta miƙa ƙunshin empanada ta ce a fara cin ta kifi don ita ce mai saurin lalacewa. Dayimar ta karɓa, ta nemi albarka, aka sa mata. Ta rungumi kakanta Tello ta daɗe. Kwana takwas suka yi a mota kafin su isa Lima.

Bayan shekara biyu hawan jini ya kwantar da Tello, maganin da aka rubuta masa aka neme shi a duk tsibirin aka rasa. Ya rasu da safiyar wata Talata, aka binne shi ba 'yarsa ba jikarsa. Casilda ta yi zaman makokinta na kwana tara, ranar Asabar ta gaba ta fito ta ja layi a yashi. Yaran da a da sukan kai talatin yanzu shida ne, allunansu duk faci. Wani maƙwabci yakan fitar da ita da jirginsa in ya sami mai.

Wata la'asar ta busa usur ta kira arba'in da ɗaya. Yaran suka fashe da dariya, don mai arba'in da ɗaya yana can baya ya faɗi cikin ruwa yana jan filafilinsa, wanda ya wuce arba'in da bakwai ne. Ta ce rana ce ta haske mata ido. Mako na gaba ta nemi jar gora ta rasa, sai da mai jirgin ya nuna mata da hannu. Ta cire usur daga wuyanta ta sa a aljihu, ta ce a koma gaɓa.

Wata ƙawarta ta raka ta Porlamar wurin likitan ido. Ya haska mata fitila ya ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama sabuwa ce, ta hagu kuwa ta daɗe, yana mamakin yadda ba ta lura ba. Ta tambaye shi ta kai shekara nawa. Ya ce ba a iya faɗa daidai, irin wannan a hankali take tsiro, ta yiwu shida, ta yiwu bakwai. Casilda ta yi godiya ta fito. A cikin motar komawa ta zauna kusa da taga tana lissafi. Da idon hagu take duba layi tun ranar farko. Kuma shekara biyar ke nan da ranar baƙar tuta.

Ta sake kallon abin a zuciyarta ya fi sau dubu. Wata rana ta ga hancin allon sarai a gaban gora, ruwa yana tsiyaya daga jikinsa. Wata rana kuma ta ce anya ba kumfar igiyar ruwa ba ce, anya ba tsoron da take yi wa yarinyar ne ya nuna mata abin da take gudu ba. Babu hoto a wannan karon. Alƙalin bai gani ba, wanda zai iya gani kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Ta rame, ta daina zagin kowa, har yaran suka fara tambaya ko ba ta da lafiya.

Wata Lahadi ta ari wayar ƙawarta aka kira mata Lima, kiran bidiyo. Dayimar tana aiki a gidan burodi, ta yi aure, tana da jariri. Bayan gaisuwa da albarka Casilda ta ce tana da magana, ta faɗi abin da likita ya ce, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Ta ce ba ta kira don a yafe mata ba, ta kira ne don yarinyar tana da haƙƙin ta sani.

Can Dayimar ta ce, "Maíta, na yi shekara biyu ina rantsuwa ban wuce ba. Na yi wasu biyun ina ganin lallai na wuce, don na san halina. Yanzu in na rufe ido ba na ganin komai sai tiren burodi."

"To me zan yi, mija?"

"Ki je a cire miki yanar nan. Abin da za ki yi ke nan."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce akwai abin yafewa ba. Ta juyo da wayar ta nuna mata jaririn, ta ce wai hancin Tello ya ɗauko. Casilda ta kawo fuska kusa da gilashin har ya taɓa hancinta, ba ta ga komai ba sai wani abu mai duhu yana motsi. Ta ce lallai kuwa, Tello ne sak.

An yi mata aikin idon hagu da taimakon wasu likitocin sa-kai da suka zo tsibirin, na dama yana jiran layi har yanzu. Tana gani tangaran da ɗayan, amma ba ta sake karɓar usur ba ko da aka roƙe ta. Koyarwar yashi ba ta bari ba, bakinta ma ya ɗan dawo. Abin da ta kafa kawai, kuma ba ta ɗaga ƙafa a kansa, shi ne ba a ƙara tsayar da mutum ɗaya a bakin layi a El Yaque. Biyu ne, ɗaya a jirgi ɗaya a gindin gora, da waya a ɗaure jikin sandar tuta tana ɗauka, kuma wanda ɗansa ko jikansa yake cikin ruwa ya zauna a gaɓa ya yi ihu da sauran iyaye.

Dayimar ba ta sake hawa allo ba. Kowace shekara takan ce za su zo Kirsimeti, kowace shekara wani abu ya gitta. Zoraida ta sauko daga fushinta tuntuni, kusan duk wata sai ta ce wa uwar ta tattara ta zo Lima, akwai ɗaki, ta daina zama ita kaɗai. Casilda tana da shekara saba'in da ɗaya yanzu. Ba ta ce a'a ba. Takan ce ta ji an ce sararin can kullum a murtuke yake, ga sanyi, ƙasusuwanta ba za su so ba, a bari dai a yi mata ɗaya idon tukuna. In an matsa mata sai ta ce kabarin Tello ba shi da mai share shi, ta miƙa wa ƙawarta wayar.